Laftof ɗin gida mai Windows 10: a ɗora mata Windows 11 ko a bar ta yadda take?

Abban Khadija, Ƙofar Marusa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masana nake nema. Kwamfutar da muke amfani da ita a gida laftof ce, HP EliteBook 840 G3, ta hannu. Abin da ke cikinta: Core i5-6300U, RAM 4GB, faifan ajiya HDD mai 500GB, Windows 10 Pro. Kwanan nan sai ta riƙa fito da sanarwa mai cike allo wai Windows 10 ta daina samun tallafi. Mai gyaran unguwarmu ya ce in kawo ta ya ɗora mata Windows 11 cikin awa guda, wai ba wata matsala.

Ga aikin da take yi: uwargida na haɗa katin aure da na suna da CorelDRAW, tana kuma lissafin sana'arta a Excel. Yara na atisayen JAMB. Ni kuma rubutu a Word, duba imel, da shiga asusun banki. Akwai tsohuwar firinta HP LaserJet da muke jona mata. Intanet ɗinmu na waya ne muke jona wa, wuta kuwa kun san hali. Nauyi kuma ta yi sosai, kafin ta gama tashi sai an yi haƙuri.

Sannan akwai wata tsohuwa ta tebur a ɗakin yara, Core 2 Duo, RAM 2GB, Windows 7. Ita ma ya ce zai iya.

In yarda ya ɗora ne? In kuma na bar ta haka, me zai same ta? Allah shi saka da alheri.

Injiniya Bakatsine

Wa alaikumus salam, Malam. Tun kafin a je wurin mai gyara, lambar furosesarka ta amsa rabin tambayar. A lambobin Intel irin wannan, adadin farko bayan ɗan layin nan shi ne zubin, wato jerin fitowar furosesar daga kamfani. 6300U zubi na shida ke nan. Windows 11 kuwa a hukumance daga zubi na takwas take karɓa a ɓangaren Intel, a AMD kuma galibi daga Ryzen 2000, shi ma ban da wasu daga ciki. Sauran sharuɗɗan su ne RAM 4GB, wurin ajiya 64GB, tashi ta hanyar UEFI mai Secure Boot, da TPM 2.0. TPM wani ɗan guntu ne a kan bod, wato babban allon cikin kwamfuta, da ke riƙe makullan sirrin na'ura. Da yawa daga cikin 840 G3 da TPM 1.2 suke zuwa, kuma HP na da manhajar da ke mayar da shi 2.0. Amma ko an mayar, furosesar na nan a zubinta na shida, kuma a like take da bod, ba a cire ta a sa wata. Don haka abin da mai gyaranka zai yi shi ne tsallake binciken da Windows 11 ke yi kafin ta hau. Yana yiwuwa, ba ƙarya ya yi maka ba. "Ba wata matsala" ɗin ce ban yarda da ita ba.

To me ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025? Ba kwamfutar ba. Word zai ci gaba da buɗewa, firinta za ta buga, CorelDRAW na nan. Abin da ya tsaya shi ne facin tsaro, wato gyaran da ke toshe kafofin kutse, da Microsoft ke fitarwa duk Talata ta biyu ta wata. Hatsarin kuma a hankali yake taruwa. Windows 10 da 11 tushensu ɗaya a wurare da yawa, saboda haka duk watan da aka toshe wata kafa a 11, masu kutse kan duba inda aka toshe, su je su gwada wurin a 10, inda ba wanda ya toshe. Defender, manhajar kariyar da ke zuwa da Windows, zai ci gaba da samun sabbin bayanan ƙwayoyin cuta har 2028, amma shi mai gadi ne, ba ya gyara katangar da ta zube. Na'urar da ake shiga banki da ita bai kamata ta daɗe a haka ba.

Sai dai akwai hanya ta uku da sanarwar nan ba ta cika bayyanawa ba. Microsoft ta buɗe wa masu amfani a gida wani tsari mai suna ESU, wanda ke ci gaba da kawo facin tsaro har 13 ga Oktoba 2026. Hanyar shiga uku ce: biyan dala 30, ko makin Microsoft Rewards 1,000, ko kyauta idan ka shiga da asusun Microsoft ka yarda a riƙa ajiye saitunanka a can. Ta ukun ita ce tamu. Ana yi ne a Settings, Update & Security, Windows Update, za ka ga Enroll now. Idan ba ka gan shi ba, yawanci ɗaya daga cikin huɗu ne: Windows ɗin ba siga 22H2 ba ce, wato ta ƙarshe a Windows 10, ko ba ta gama ɗaukar sabuntawar baya ba, ko lasisinta ba na gaske ba ne, ko har yanzu tana ɗaure da kamfanin da ya yi amfani da ita a Turai.

Kafin kowa ya taɓa ta, ka duba mana waɗannan da kanka. Danna maɓallin Windows tare da R, akwati zai fito.

Rubuta winver. Zai gaya maka sigar, 22H2 muke so mu gani.

Rubuta msinfo32. Duba System Type, ko x64 ce ko x86, sannan BIOS Mode, ko UEFI ko Legacy. Idan wani ya taɓa ɗora mata Windows mai 32-bit, ba hanyar hawa 11 kai tsaye, don 11 64-bit kaɗai gare ta.

Rubuta tpm.msc, ka duba Specification Version.

Rubuta slmgr /dli. Idan ka ga OEM ko RETAIL, madalla. Idan ka ga VOLUME_KMSCLIENT a kwamfutar gida, to kusan tabbas da manhajar bogi aka kunna lasisinta.

Na ƙarshe, buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai ajiye maka wani fayil. Kwatanta Design Capacity, cajin da batir ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, wanda yake ɗauka yanzu.

Maganar nauyi kuwa, ba laifin Windows 10 ba ne, kuma 11 ba za ta magance shi ba, sai ma ta ƙara. RAM 4GB kan cika da Chrome kaɗai, sai Windows ta koma aron wuri a kan faifai, faifan kuma mai juyawa ne. Buɗe Task Manager lokacin da take jan ƙafa, za ka ga Disk a kashi 100. Maganinta SSD, wato faifai marar juyawa mai sauri, mai 256GB da ƙarin RAM 4GB ko 8GB. Wannan ƙirar DDR4 ta laftof take ɗauka, gurbi biyu gare ta. Kada a sayar maka da DDR3L, ta G1 da G2 ce, tsagar ƙafarta ma ba za ta shiga ba. Ra'ayina: kuɗin da za ka ba mai gyara, ƙara a kai ka sayi waɗannan biyun, ka zauna a 10 da ESU.

Ɗan Daura

Injiniya, Allah shi ƙara basira, bayaninka ya fita. Amma a ƙarshen na ɗan saɓa maka. ESU sayen lokaci ne kawai, ranar 13 ga Oktoba 2026 Malam zai dawo da wannan tambayar. Kuma gaskiya i5 zubi na shida mai SSD da RAM 8GB na tafiyar da Windows 11 lafiya ƙalau a aikin ofis. Ba ƙarfi ne ya gaza mata ba, sharaɗin tsaro ne Microsoft ta gindaya. Ba kowane gida ne zai iya sauya kwamfuta don an ja layi a zubi na takwas ba. Saboda haka gara Malam ya san yadda tsallaken yake da abin da ke biyo bayansa, ya zaɓa da idonsa a buɗe.

Yadda ake yi: a sauke fayil ɗin ISO, wato na ɗora Windows 11, daga shafin Microsoft kansa. Ya haura 5GB, sabon ma ya kai wajen 7GB, don haka a nemi filashi mai 16GB, a kuma ware data kamar 10GB saboda sabuntawar da za ta biyo baya. A zuba shi a filashin da Rufus, manhajar haɗa filashin ɗora Windows. Da an danna Start, Rufus zai fito da wasu akwatuna, ɗaya na cire sharaɗin TPM da Secure Boot da RAM, ɗaya na cire tilascin asusun Microsoft. Shi ke nan dabarar da mai gyara zai caje ka a kanta.

Abin da ke biyo baya shi ne wanda ba a faɗa wa mutane. Microsoft ta fito fili ta ce na'urar da ba ta cika sharaɗi ba ba ta da tabbacin samun sabuntawa. A aikace facin wata-wata na shigowa. Wanda ba ya zuwa da kansa shi ne babban sauyi na shekara-shekara, kuma kowace siga ta Home da Pro wata 24 kaɗai ake tallafa mata. Ku lura da wannan: siga 23H2 ta Windows 11 ta ƙare a Nuwamba 2025. 24H2 za ta ƙare 13 ga Oktoba 2026, rana ɗaya da ESU. Wato idan filashin mai gyara ya kwana biyu, ya ɗora maka 23H2, ka bar Windows marar faci ka koma wata marar faci, allon ne kawai ya canza kama. Idan 24H2 ce, ba ka ƙara ko kwana ɗaya a kan abin da za ka samu kyauta ba. 25H2 ce ke kaiwa Oktoba 2027. Don haka in za a yi, 25H2 za a ɗora, kuma wani a gidan ya ɗauki nauyin duba winver duk shekara ya ɗora sabuwa da hannu. In babu mai yin wannan, to na koma bayan Injiniya.

Abu biyu kuma. Kada a yarda da Windows ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima, masu sunaye irin su Lite ko Super Lite, da ke yawo a filashin shaguna. An cire musu Defender da Windows Update don su yi sauri, kuma ba wanda ya san abin da aka cusa a madadinsu. Wanda ke shakkar fayil ɗin da aka ba shi, ya yi Get-FileHash a PowerShell ya kwatanta da lambar SHA256 da ke shafin saukewa na Microsoft.

Na biyu, BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai. Daga 24H2, sabon ɗori na iya kulle faifan da kansa da zarar an shiga da asusun Microsoft, makullin mai lamba 48 kuma ya tafi cikin wannan asusun. Idan mai gyara ya shiga da nasa imel, ko ya buɗe maka wani ya manta kalmar sirrin, duk ranar da aka taɓa BIOS, wato saitin farkon tashin na'ura, ko bod ta samu matsala, allo mai shuɗi zai nemi makullin da ba ka da shi, kuma ba mai buɗe maka. A yi manage-bde -status a gani. In a kunne yake, a kwafe makullin a takarda a adana.

Ta teburin nan kuwa, a nan mai gyaranka ya yi alkawarin da ba zai cika ba. Daga 24H2 Windows 11 na buƙatar wasu umarni a cikin furosesa, POPCNT da SSE4.2, kuma Core 2 Duo ba ta da su. Wannan ba bincike ba ne da Rufus zai tsallake, ba za ta tashi ba sam.

Ummu Sadiq, Katsina

Sannunku malamai. Duk kun tsaya kan wace Windows, ni kuma aikin uwargida nake ji, don shi ne ke salwanta a irin wannan gyara. Malam, ko wace hanya ka bi, kada kwamfutar nan ta bar gida sai an kwashe waɗannan zuwa wani faifai na waje.

Desktop, Documents, Downloads, Pictures, kowa ya san su. Wanda ake mantawa shi ne salon haruffa. Mai haɗa katin aure na tara su da yawa, na boko da na Larabci, kuma fayil ɗin CorelDRAW yawanci ba ya tafiya da su. In aka yi fomat aka buɗe tsohon kati, sai rubutun ya koma wani salo dabam, layuka su goce, na Larabcin ma ya tarwatse. Wuri biyu suke zama: C:\Windows\Fonts, da kuma cikin AppData\Local\Microsoft\Windows\Fonts na mai amfani, wanda a ɓoye yake sai an kunna Hidden items. A kwafe duka biyun.

Sannan ita kanta CorelDRAW, da Office, da manhajar atisayen JAMB. Kwafe babban fayil ɗinsu daga Program Files ba ya aiki, sai da ainihin fayil ɗin ɗorawa da lambar lasisi. Manhajojin atisaye da yawa lambar kunna su a ɗaure take da na'ura ɗaya, kuma wasu na ɗaukar sabon faifai ko sabuwar Windows a matsayin sabuwar na'ura. A tuntuɓi wanda ya sayar kafin a taɓa komai, musamman in jarrabawa ta matso. In ma saura 'yan makonni ne, a bar gyaran nan sai yara sun gama. Office 2016 da 2019 su ma tallafinsu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025, a sani.

Direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa Windows ta gane kayan na'ura: a buɗe Command Prompt a matsayin Administrator, a ƙirƙiri folda mai suna direbobi a filashi, a rubuta dism /online /export-driver /destination:E:\direbobi, in filashin E ne. Wannan zai kwashe na Wi-Fi, na sauti, har da na firinta. Tsofaffin LaserJet irin su 1018 da 1020 direbansu ya tsufa, kuma wanda ke aiki a kanta yanzu ya fi wanda za a je nema a shafukan da ba a san asalinsu ba. Kalmomin sirrin da ke cikin Chrome ma a fitar da su, ko a tabbatar an san na imel da na banki da ka.

Filashin da za a zuba wa duk wannan a gwada shi da H2testw tukuna. Akwai na jabu a kasuwa da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai haka ba. Yana karɓar fayil ba musu, sai ranar buɗewa a tarar ba komai.

Batun wuta: lokacin da allo ke cewa kada a kashe, da gaske yake. A kan HDD aikin na iya cin awa biyu ko fiye. Laftof mai lafiyayyen batir ba ta da fargaba. Mai mataccen batir kuwa daidai take da ta tebur, ana ɗauke wuta ta mutu a tsakiyar aiki. A yi shi inda akwai inbata ko sola, kuma in lokacin zafi ne, watan Afrilu ko Mayu, a yi da sassafe ko da dare a kan tebur, ba a kan katifa ba. In fanka na ihu, ƙurar hunturu ce ta toshe mafitar iska, a buɗe a share kafin a ba ta aiki mai nauyi.

Data kuma: a shiga saitin Wi-Fi ɗin wayar a kunna Metered connection, in ba haka ba Windows za ta shanye ta ba sallama. Amma a tuna, muddin yana kunne yawancin sabuntawa ba za su sauka da kansu ba. Sai a sa rana ɗaya a wata, bayan Talata ta biyu, a shiga Windows Update a sauke da hannu.

Ta ɗakin yara: Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020 ta daina samun faci, Chrome ya tsaya mata a 109, Firefox a 115. Damar hawa 10 kyauta da lambar lasisin 7 ma an rufe ta a 2023. Ko dai a raba ta da intanet gaba ɗaya ta zama ta koyon buga rubutu da atisaye, a kuma kiyaye filashin da ya je shagon buga takardu, ko a sa mata Linux Mint mai Xfce a madadin Windows. Mint 22 na da tallafi har 2029, RAM 2GB ce mafi ƙarancin da take nema, ko da yake ta fi sakewa a 4GB. Tana zuwa da Firefox da LibreOffice, ana kuma iya gwada ta daga filashi ba tare da an goge komai ba. Sai dai CorelDRAW ba ta da sigar Linux, manhajar atisayen da aka yi don Windows ma ba lallai ta yi aiki ba. In atisayen ne babban aikinta, na fi son ta farko.

Abban Khadija, Ƙofar Marusa

Allah shi biya ku duka. Injiniya, ga abin da na gani. winver ya nuna 21H2. System Type x64 ne, BIOS Mode kuma Legacy. TPM 1.2. slmgr ya rubuta VOLUME_KMSCLIENT ɗin nan da ka ambata. Batir kuma Full Charge bai kai kashi ɗaya cikin uku na Design ba. Enroll now babu shi ko alama. Malama Ummu Sadiq, uwargida ta ce a yi miki godiya ta musamman, ta fara kwashe haruffan. Yanzu da me zan fara?

Injiniya Bakatsine

To Malam, wannan ya canza lissafin. 21H2 ta Pro tun Yuni 2023 ta daina samun faci, don haka ba Oktoban 2025 matsalarka ta fara ba. Ga lasisin bogi, ga Legacy. Windows ɗin da ke kai ba abar a yi wa kwaskwarima ba ce, sabon ɗori take so. Manhajar da ake kunna lasisin bogi da ita kan kashe wani sashe na Defender ko ta sa kanta cikin abubuwan da ba a bincika, kuma ɗora sabuwa a kan tsohuwa na tafiya da wannan dattin.

Abin daɗin shi ne irin waɗannan laftof na kamfanoni galibi da lasisinsu na gaske suke zuwa, a rubuce cikin bod. Masu shago ne ba sa dubawa. Buɗe Command Prompt ka rubuta wmic path SoftwareLicensingService get OA3xOriginalProductKey. In lamba mai haruffa 25 ta fito, taka ce, ka rubuta ta a takarda, kada ka liƙa ta a nan zauren.

Ga jerin yadda zan so a yi. Batir tukuna, a sauya shi. Sannan a sayo SSD da RAM. Wannan ƙirar na da gurbin M.2, na siririn SSD, ban da na faifai mai inci 2.5, don haka M.2 SATA mai tsawon 2280 zai shiga ba tare da an rasa tsohon faifan ba. Amma lokacin ɗorawa a cire tsohon gaba ɗaya a ajiye. Dalili biyu: ba yadda za a yi a goge shi bisa kuskure, sannan in yana ciki Windows kan ajiye fayilolin tashi a kansa, ranar da ya mutu sabon ma ya ƙi tashi. Wannan tsohon faifan shi ne hanyar komawarka in wani abu ya ƙi.

A kunna ta ana danna F10 a shiga BIOS, a kashe Legacy Support, a kunna Secure Boot. In ta nemi kalmar sirrin BIOS da ba ka sani ba, tsaya nan ka dawo mana. A haɗa filashin Windows 10 22H2 da Media Creation Tool na Microsoft, a tashi daga gare shi da F9, a ɗora a kan SSD ɗin. In lasisin bod na nan, ba za ta tambayi lamba ba, da ta ga intanet za ta kunna kanta. A bar ta ta gama duk sabuntawa, tana sake tashi sau da yawa, sannan a shiga da asusun Microsoft naka na kanka mai lambar wayarka. Enroll now kan ɗan jinkirta fitowa, a ba shi lokaci. Bayan nan direbobi, haruffa, CorelDRAW, firinta. A ƙara allon madannai na Hausa a Time & Language saboda ɓ, ɗ da ƙ, don sabon ɗori ba ya zuwa da shi. Sabunta BIOS da mayar da TPM zuwa 2.0 sai sabon batir ya cika kuma caja na jone, don katsewar wuta a wannan aikin ita ce ke kashe bod.

Duk wannan ba asara ba ce ko da ka bi shawarar Ɗan Daura daga baya. SSD, RAM, UEFI da lasisin gaske su ne dai 11 ɗin ke so, kuma lasisin 10 Pro na kunna 11 Pro a na'ura ɗaya.

Ɗan Daura

Da wannan sakamakon na yarda a fara da tsarin Injiniya. Ƙari ɗaya: in an zo gwada 11, a ɗora ta daga cikin Windows 10 ɗin, ta hanyar buɗe setup da ke filashin Rufus, a zaɓi riƙe fayiloli da manhajoji. Ta haka akwai kwana 10 na komawa ta Settings, System, Recovery, Go back. A cikin kwanakin nan a gwada firinta da CorelDRAW, kuma kada a bari Disk Cleanup ya share Windows.old, shi ne hanyar komawar.

In kuma Allah ya hore aka tashi sauyawa, ko a nan Katsina ko a Farm Centre ta Kano, kada a sayi suna, a sayi lambar furosesa. EliteBook 840 G5, ThinkPad T480 da Latitude 7490 duk an san su da zubi na takwas, amma kowaccensu akwai mai i5-7300U, zubi na bakwai, kuma a jiki ba a bambanta su. 8250U ko 8350U ake nema. A duba a msinfo32 a gaban mai shago, a shiga BIOS a tabbatar babu kalmar sirri, a kuma sa ya yi mata sabon ɗori ya jona ta da intanet tun a shagon. In allon farko ya fito da sunan wani kamfani yana neman imel ɗin ma'aikaci, har yanzu rajistarta na hannun tsoffin masu ita, kuma fomat ba ya cire wannan. A ajiye ta a ɗauki wata.